Awon Sawun Inna Hanne

Ni ce autar Inna Hanne, kuma tun ban iya ɗaura zani ba ni ce bakinta a wajen ɗanta na fari. Aiki ne da ban nema ba, ba a kuma taɓa sallamata ba. Na yi aure a Gaya, na haihu, na fara ganin furfura jefi-jefi a kaina, amma idan wayar Hamma Bubayero ta shigo ƙauyenmu Gafasa sai an ce a nemo Zuhra.

Inna doguwar mace ce siririya, mai ƙarancin magana da yawan tafiya. A wata ruga bayan Gafasa aka haife ta, a nan kusa kuma aka aurar da ita ga Baffa, mahaifinmu, Allah ya jiƙansa. Lokacin da shanun gidanmu suka fara ƙarewa, wasu ciwo ya ci, wasu aka sayar, Baffa ya koma noman gero da gyaɗa kamar maƙwabtanmu. Ita kuwa ba ta sauke ƙwaryar nono ba. Abin da 'yan shanun da suka rage suka bayar, da wanda take sarowa a rugagen kusa, shi take ɗorawa a gammo ta nufi Ajingi, ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa ba. A ƙasa take zuwa, a ƙasa take dawowa. Da babura suka cika hanya aka yi aka yi ta riƙa hawa, ta ce girgizar babur tana tsinka kindirmo, ita kuma ba za ta kai wa mutane ruwa da sunan nono ba. Wanda ya san Inna ya san an gama magana ke nan.

Hamma Bubayero shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu ɗan fari ba na uwarsa ba ne. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi, ita ya tashi yana kira Inna, mahaifiyarsa kuma yana ce mata Adda, kamar yayarsa. Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Akwai wani makiyayi Buba da ke kawo mata madara, shi ma ya rasa sunansa a bakinta, sai dai ta ce "mai sunan wancan". Idan Hamma ya durƙusa ya gaishe ta, sai ta juya wajen kaji ta amsa musu. Yana zaune ga shi ga ta, za ta ce, "Zuhra, tambayi baƙon nan ko ya ci abinci." In tambaye shi, ya ce ya ci, in juya in faɗa mata abin da kunnenta ya riga ya ji.

Ba na raina wannan kunya, da ita aka tashe mu. Sa'o'ina na yanzu suna rungume 'ya'yansu na fari suna ɗaukar hoto a waya, ban ce sun yi laifi ba. Abin da na sani kawai, kunyar mutum biyu ce, amma ni na ɗauki nauyinta.

Wata damina, fiye da shekara ashirin ke nan, Hamma ya ce zai bi motar shanu zuwa kudu neman abin kansa. Ranar tafiyar an yi ruwa da asuba. Inna ba ta tsaya sallama ba. Ta ɗora ƙwaryarta ta fice da ƙafa ba takalmi, kamar kullum, ko waiwaye babu. Ina tsaye na ga Hamma ya tsuguna a ƙofar gida inda sawunta ya fito raɗau a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ya zaro sillen kara a jikin danga, ya shimfiɗa shi daga dunduniya zuwa kan babban yatsa, ya karya, ya sa a aljihu.

Haka ake sayen takalmi a wajenmu idan mai ƙafar ba zai je kasuwa ba. A auna da sille, a kai wa mai takalma, ya zura a ciki, in ya zauna daidai a biya. Sai dai ƙafar ake aunawa. Shi kuwa Hamma ina zai iya taɓa ƙafar Adda? Sawun ya samu, sawun ya auna.

Kafin shekara ta zagayo saƙo ya zo ta hannun wani direba: takalmi sau-ciki na roba, baƙi, mai tsukakken baki. Inna ta dube shi a kaikaice ta ce, "A ajiye can." Washegari da shi ta tafi Ajingi. Da ta dawo na ga tana ɗingishi, na tambaya, ta ce sabon takalmi haka yake, sai ya san ƙafa. Ta shanya shi a rana, ta cusa masa tsumma ya kwana, ta shafe cikinsa da man shanu. Bai saki ba, ita ma ba ta sake shi ba.

Daga nan kowace babbar Sallah sai sabon takalmi, ko ya zo da shi ko ya aiko. Da Allah ya buɗa masa a kasuwar shanu ta can, takalman suka ƙara kyau, suka kuma ƙara tauri. Aka bar roba aka koma fata mai sheƙi, bakin yana ƙara tsukewa irin na matan birni. Girman dai ɗaya, domin sillen nan yana naɗe cikin tsohon rawanin Baffa a ƙasan akwatinsa, da shi yake zuwa wajen mai takalma duk shekara. Shi da kansa ya faɗa mini, yana murmushi kamar mai nuna takardar gona.

A kasuwa idan mata masu fura suka ce, "Kai, Hanne, wa ya sayo wannan?" sai ta ce, "Oho, wani ne can kudu." Amma za ka ga ta ɗan turo ƙafar gaba daga ƙarƙashin zani. Iyakar alfaharin da na taɓa gani a wajen Inna ke nan.

A hankali abin ya zo. Yatsan da ke bin babba shi ya fara tanƙwarewa a gaɓar tsakiya, gaɓar ta taso sama kamar gwiwar mai durƙuso, kan yatsan ya soki ƙasa. Na kusa da shi ya bi sahu. Inda gaɓar ke gugar takalmi fatar ta yi kanta, baƙa mai tauri. Da farko idan ta dawo da yamma ta cire takalmin, ta zauna a tabarma ta ja yatsun da hannu, suna miƙewa. Bayan wasu shekaru na ƙafar dama suka ƙi, suka ƙandare a haka. Sujada ta koma mata aiki, don yatsun ba sa tanƙwaruwa ta inda ake so, har ta fara sallar nafila a zaune.

Kowa ya kawo nasa bayanin. Wasu suka ce sanyi ne na raɓar safiya. Wata gwaggonmu ta rantse wata mai nono ce ta binne mata abu a hanya ta taka. Aka yi hayaƙi, aka sha saiwa, aka sha rubutu. Aka kai ta wajen Datti mai ɗori, ya ja yatsun ya ɗaure su da kara, gumi yana zuba a goshin Inna. Datti ya faɗi gaskiyarsa, ya ce wannan ba karaya ba ce ba kuma targaɗe ba, iyakar abin da zai iya ke nan. Ana kwance ɗorin ta mai da ƙafar cikin takalmi, yatsun suka koma inda suka saba.

Ni na yi zargin takalmin, ba sau ɗaya ba. Na sayo mata silifa mai laushi a kasuwar Gaya, ta ce ta gode, ta mai da shi na shiga banɗaki. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina zuwa wata guda. Ko a jikinta. Daga baya na gaji na zuba ido, ina da nawa gidan da nawa ciwon kai.

Bara, gab da damina, wani mai adaidaita ya sauke mini ita a ƙofar gida a Gaya, da ƙwaryar nono cike ba a taɓa ba. A bakin hanyar Ajingi ya same ta zaune a gindin wata bishiya, ta kasa gaba ta kasa baya. Da na cire takalmin sai da na kau da kai. Kantar ta fashe ta zama gyambo, yana ruwa yana wari, wa ya san tun yaushe take ɓoye shi.

A asibiti muka yini a layi. Likitan saurayi ne, idonsa ya yi ja don gajiya, amma ya zauna ya duba da kyau. Ya sa aka gwada jininta ko akwai ciwon suga, aka ce babu, muka yi hamdala. Ya wanke ciwon, sannan ya ce a miƙo masa takalmin. Ya kifa shi ya haɗa da tafin ƙafarta ta hagu, ya ja yatsan na biyu ya miƙar. Yatsan ya wuce bakin takalmin da kusan gaɓa guda.

"Baba, ba sanyi ba ne, ba kuma sammu ba," in ji shi. "Yatsanki na biyu ya fi babban tsawo, haka Allah ya yi wasu. Takalmin nan kuwa iya babban ya tsaya. Dogon bai samu wurin miƙewa ba, sai ya durƙusa. Da ya daɗe a durƙushe jijiyar ta ɗaure a haka."

Ya ce a Turance har suna gare shi, wai yatsan guduma. Ni dai ban ga guduma ba, ƙugiya na gani. Ya ce na hagu har yanzu suna miƙuwa, don haka akwai sa rai: a riƙa jan su safe da yamma, a ɗaure su da filasta a jikin lafiyayye, ta riƙa tsintar ƙananan abubuwa a ƙasa da yatsun don jijiyar ta motsa. Na dama sun riga sun ƙage, sai dai aiki a Kano idan ciwon ya warke. Amma duk wannan aikin banza ne muddin ta koma cikin takalmin nan.

"Faffaɗa za ta sa, mai buɗaɗɗen gaba," ya ce da ni. "In ta ci gaba da wannan, ciwon zai ci har ƙashi, ranar nan kuma yanke yatsan za a yi."

Ni tun daga maganar dogon yatsa hankalina ya bar ɗakin. Na koma ƙofar gidanmu da safiyar ruwan nan, ina ganin sille daga dunduniya zuwa kan babban yatsa. Na dubi ƙafata a cikin silifa. Irin ta Inna ce sak, na biyun ya zarce. Bambancin kawai ni da ƙafata nake zuwa kasuwa.

A cikin adaidaita na faɗa mata abin da na gani ranar tafiyar Hamma. Ashe ta sani. Ta ce ta waiwaya daga bayan danga ta gan shi a tsugune.

"Inna, kin san awon bai kai ba, kika yi shekara da shekaru kina sawa?"

"Ban yarda ki faɗa masa ba," in ji ta.

"To a yanke miki yatsa saboda kara?"

"Zuhra, ke auta ce. Kin hau cinyata, kin ci a hannuna, kin yi mini rashin kunya na yi dariya. Wancan me ya samu? Abu ɗaya yake iya ba ni, ni ma abu ɗaya nake iya karɓa. In ya ji shi ne ya lalata mini ƙafa, me zai tuna ya taɓa yi mini?"

Ban taɓa jin ta yi doguwar magana a kansa irin wannan ba. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na rasa wanda zan bi. Na ce ba zan faɗa ba.

Ta zauna a gidana tana jan silifan maigidana kamar mai tafiya a kwale-kwale. Kullum ina wanke ciwon, in ja yatsun, in naɗa filasta. In zuba mata gyaɗa a tabarma ta riƙa ɗauka da yatsun ƙafa tana jefawa a kwano, tana mita wai da tsufanta an mai da ita biri. Ciwon ya fara kamewa. Na hagun suka fara saki, har ta yi sujada a kansu ba ta ciji leɓe ba.

Sai Sallah ta matso. Ta ce a mai da ita Gafasa, ta kuma tambayi inda na ɓoye takalmin. Baƙo zai zo daga kudu, ba zai same ta da silifan suruki ba. Wallahi ranar na ji kamar in zauna a ƙasa in yi ta kuka. Duk wankin ciwon nan, duk layin asibitin nan, za a tattara a cusa cikin takalmi ɗaya. Na ba ta abinta. Da ta tafi na kira Hamma.

"In za ka taho, ka zo da awon nan."

"Lafiya? Ai na riga na saya."

"Ka dai zo da shi, Hamma."

Ya iso Gafasa jajibiri ya same ni a can, gemunsa ya fara fari, da sabon takalmi a kwali. Inna ta ce a ajiye can. Da shi ta je idi, tana takawa ɗaiɗai kamar mai tafiya a kan ƙaya, fuskarta kuwa ba za ka karanci komai ba. Da muka dawo na cire mata a ɗaki, bandejin ya jiƙe da jini.

Washegari aka wayi gari da ruwa. Da ya ɗauke, Inna ta lallaɓa madafa ba takalmi ta ɗora ruwan zafi, ta koma ɗaki ta saki asabari kafin baƙo ya shigo gaisuwa. Sawunta ya rage a tsakar gida. Hamma ya yi sallama cikin farar shaddarsa, na tare shi na ce ya kawo sillen ya gwada. Ya warware rawanin Baffa a hankali, karan ya yi baƙi don tsufa. Ya tsuguna ya shimfiɗa shi a kan sawun. Ya zauna cif, babu abin da ya zarce.

"Kin gani?" ya ce, yana murmushi. "Har yau daidai."

Na cire silifa na taka ƙasa kusa da sawun Inna, na ɗaga.

"Hamma, dubi nawa. Kowa ya san ƙafarmu ɗaya da ita."

A nawa sawun yatsu sun kwanta dogo-dogo, na biyun ya wuce babban. A nata, bayan babban yatsa ba komai sai 'yan ramuka, kamar an soka tsinke a ƙasa. Ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya ɗauki sillen ya ɗora a nawa, dogon yatsan ya leƙo ta gabansa. Murmushin ya tafi.

"Ina nata dogon?"

"Yana cikin awonka," na ce.

Ya zauna daɓas a cikin taɓo da shaddarsa. Bai yi kuka da sauti ba, kafaɗunsa kawai ke rawa, sillen yana hannunsa. Na san Inna ta ji komai, asabari ba bango ba ne. Can sai muryarta ta fito.

"Zuhra."

"Na'am, Inna."

"Ce wa baƙon nan ya tashi daga ƙasa, zai ɓata kayansa."

Na buɗe baki zan maimaita, kamar yadda na saba tun ina yarinya, sai na ji ba zan iya ba. Ba fushi ba ne, ƙarfin ne ya ƙare.

"Inna, na gaji. Yau ba ni da baki. Ga ki ga shi."

Na koma gindin turmi na zauna. Ruwan da ke kan murhu ya tafasa har ya fara ƙonewa, babu wanda ya motsa. Na fara tunanin na ɓata abin da ba zai gyaru ba.

Sai asabarin ya ɗan motsa daga ƙasa. Ƙafar hagu ta fito, ta dama ta biyo ta da bandejinta, suka tsaya a bakin ƙofa. Sauran jikin yana ciki. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa, kamar da ƙyauren take magana.

"Daga dunduniya ake farawa. A miƙe dogon tukuna, in zai miƙu."

Hamma ya tashi ya je jikin danga ya zaro sabon sille. Ya dawo ya durƙusa a ƙofar ɗakin. Ya daɗe hannunsa yana sama bai sauke ba, sannan ya tallabi ƙafar hagun da hannu biyu. Ya ja dogon yatsan a hankali, ya miƙu, ya auna ya karya. Ya koma ta dama. Ya taɓa gaɓar da ta ƙage, ya ɗan ja, ta ƙi. Ya bar hannunsa a kanta.

"Adda," ya ce, "da zafi?"

Na ɗago kai ina jiran a kira sunana, don jiki ya saba.

"Da zafi," in ji Inna.

Ba ni ta faɗa wa ba.